Ɗan Gidan Waye Kelbin?

Zuwa ga Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya gwiwar? Jarrabawar fizikal kemistiri ta matso, wadda ta kayar da ni bara. In na sake faɗuwa jami'a za ta sallame ni, babu digiri. Teburina ya cika da takardu har kofin shayi ya rasa wurin zama. Tsorona ɗaya, Kelbin. Shi ya jawo mini faɗuwar bara, don na manta da shi. Ki sa ni a addu'a.

Ki huta lafiya,
Autarki

Auta,

Ina gaishe ki. Gwiwa da sauƙi, hankalina ne ya tashi. Wane ne Kelbin? Ɗan gidan waye? Karatu na tura ki, ba tara samari ba. Tun da na karanta wasiƙarki nake kan keke ina ɗinka hannun riga a baibai. Wanda zai kayar da ke don kin manta da shi ba mutumin kirki ba ne. Yayanki ya ce zai zo ya gan shi ido da ido, da kyar na zaunar da shi. Addu'a kam ina yi.

Allah ya yi miki albarka,
Ummanki

Umma,

Ina gaisuwa. Na yi dariya har abokiyar ɗakina ta zaci karatu ya taɓa ni. Kelbin ba mutum ba ne, ma'aunin zafi ne. In an ba mu zafi a digirin Selsiyos, dole mu ƙara ɗari biyu da saba'in da uku kafin lissafi, in ba haka ba komai ya rushe.

Ranar jarrabawa na soma babbar tambayar ba tare da na ƙara ba, kamar bara. Sai na ji muryarki a kunnena: "Ɗan gidan waye?" Na soke, na sake daga farko.

Sakamako ya fito, na ci. Umma, na gode, faɗanki ya fi mini duk takardun teburin nan amfani.

Sai na zo,
Autarki

Auta,

Alhamdulillahi, har na yi hawaye. Na ce wa yayanki ya cire takalminsa ya zauna. Ki gaishe mini da Kelbin, ki ce na yafe masa na bara.

Ummanki