Kibiyar da ke kan inbata ta sa na ɓata sunan maƙwabcina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Da ajami na rubuta, na ɗauki hoton takardar na turo, ka juya musu ita zuwa boko, Allah ya saka. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya gajiyar da ni.

Ni dattijo ne a Gumel, ina karantar da manya tsakanin La'asar da Magariba. Kafin azumin bana ɗana na fari, da ke aiki a Kano, ya kawo mana sola saboda zafi, ga mahaifiyarsa da hawan jini. Maƙwabcina mai wayarin, zan kira shi Habu, shi ya haɗa. Shagonsa na jikin katangata, falwaya ɗaya muke jan wutar gwamnati.

Tun satin farko na ga abin da ban gane ba. In an kawo wuta komai lafiya, in an ɗauke sai gidan ya mutu gaba ɗaya, ko da rana tana tsaka. Na ce to mene ne amfaninta? A gilashin inbatar, wato akwatin da ke juya wutar sola zuwa ta gida, akwai zanen rana, da na gida, da na falwaya, kowanne da lamba a ƙarƙashinsa. Ni kuma ɗabi'ata ce abin da ya shige mini duhu in rubuta shi. Sai na ware littafi, bayan kowace salla ta rana in tsaya in kwafe lambobin. Da azahar lambar zanen rana takan haura ɗari uku, amma in babu wutar gwamnati, lambar gida sifili ce, ga jar fitila. In kuma akwai, lambar falwaya ta kai ɗari biyu da wani abu, sai wata kibiya ta fito tana nuni daga gidana zuwa falwaya. Wato wuta fita take yi. Ga shi kuma fankar shagon Habu ba ta tsayawa, ko an ɗauke ko an kawo.

Na tambaye shi sau biyu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Malam, a tambayi Yaya, shi ya sayo." Ɗana yake nufi. Na ɗauka kauce-kauce ne. Mai ɗakina tana fifita da mafici ta ce, "Malam, ranarmu ake sha a shago, mu an bar mu da lissafi." Maganar ta zauna mini. Wata Juma'a bayan an sauko, a inda dattawan unguwa ke zama, na buɗe littafin na karanta musu shi ɗaya bayan ɗaya, na ce Habu ya karkatar da wutata shagonsa. Mutane sun san ba na magana sai da rubutu a hannu, saboda haka ba wanda ya yi musu. Habu yana wurin. Ya ce Allah ya bayyana gaskiya, ya tashi.

Bayan sati uku na je kasuwar Maigatari duba ragon layya, na bi ta rumfar wani mai sayar da kayan sola, na karanta masa lambobin. Ya yi dariya ya ce, "Malam, rubutunka daidai ne, fassarar ce ta karkace." Ya ce wannan irin inbatar ba ta da batir, an yi ta ne don garuruwan da wuta ba ta yankewa. In ba ta ji wutar gwamnati ba kashe kanta take yi da gangan, don kada ta kama mai gyara a kan falwaya. Ɗari ukun nan ƙarfin da ke jira ne a farantin solar, ba wutar da ake sha ba. Kibiyar kuma rarar da gida bai cinye ba ce take komawa layin kowa da kowa. Shagon Habu, ya ce, tabbas ƙaramar sola ce mai batir. Na dawo na leƙa, haka ne.

Na kira ɗana. Ya amsa cewa Habu ya gaya masa tun ranar farko wannan ba ta dace da Gumel ba, amma ya riga ya saye ta da araha, ba a karɓar mayarwa. Shi ya roƙi Habu kada ya faɗa mini har ya canza ta. Ya ce in rufa masa asiri, ƙannensa da surukansa duk sun san shi ya yi wa iyayensa sola.

Yanzu gida biyu da na sani sun fasa ba Habu aiki, ɗaya a Gagarawa. Na je shagonsa na nemi gafara, ya ce ya yafe, har ya shimfiɗa mini tabarma. Amma a ɓoye na nema, alhali a bainar jama'a na ɓata shi. In na koma gaban dattawa na ce kuskure ne kawai, za su tambayi dalilin da ya sa Habu ya yi shiru, kuma amsar ita ce ɗana. Shekaruna sun ja, ba na son in tashi da haƙƙin mai sana'a a wuyana, ba na kuma son in kunyata yaron da ya yi nufin alheri.

Masu sanin sola, ku tabbatar mini bayanin mutumin Maigatari haka yake? Sauran kuma ku faɗa mini, Juma'a mai zuwa in buɗe littafin nan a inda na buɗe shi da farko in faɗi komai har da sunan ɗana, ko akwai hanyar wanke Habu ba tare da haka ba? Har yau in na fito alwala shi yake fara gaishe ni.