'Yar Tukunyar Da Kika Ba Ni

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da girmamawa daga ɗiyarki ta fari, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wannan wasiƙa ba za ta iso inda kike ba. Ƙawayena na zauren da muke karanta littattafai a waya su za su gani. Amma da ke nake magana, don ba wanda zan iya gaya wa abin da na aikata sai ke.

Daga asibiti nake rubutu, a Anka. Jikarki mai sunanki, da muke kira Ummi, tana kwance a gefena. Ba ki rayu kin gan ta ba. Shekararta biyu, tana da irin dariyarki, amma kwana tara ke nan ban ji dariyar ba.

Kin tuna ranar da za a kai ni Zugu daga Tungar Guru? Bayan an gama ɗaure kaya kika miƙo mini wata 'yar tukunya, kika ce ta dama kunun yaye ce, in ajiye ta sai rana ta zo. Na ajiye, Inna.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu, Baban Ummi ya samo bindiga. Harsashi ya yi wuyar samu, sai mazan unguwa suka koma tsintar kwanson da aka harba suna sake cika shi da hannu. Wata rana ya dawo daga kasuwar Bukkuyum da dunƙulen dalma don yin harsashi, ya ce in ara masa abin da zai narka ta a ciki. Tukunyarki ce ta yi daidai.

Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Kin sha yi mini faɗa kan karatun littattafan soyayya, kina cewa wata rana tuwo zai ƙone ina can duniyar wasu. A littattafan nan miji yakan tsaya a ƙofa shi kaɗai, matarsa na bayansa, ba abin da ke taɓa ta. Na zauna ina kallonsa a gindin murhuna, hayaƙi na tashi, Ummi na wasa da ƙasa a kusa, ni kuwa ina jin ni ce matar cikin littafi. Har fifita masa wuta na yi.

Da ya gama na wanke tukunyar da toka da yashi har ta yi ƙyalli. Washegari na dama wa Ummi kunu a ciki. Haka muka riƙa yi, shi ya narka, ni in wanke in dama.

Ni fa, Inna! Ni da na ga abin da ya sami ƙanena Aminu a shekarar gubar nan, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a tsakar gidajenmu. Ina yarinya na ga yana jijjiga a cinyarki har ya cika. Tun daga ranar kika riƙa cewa, "Abin da ya fito daga ramin haƙa, kar ya kusanci murhu." Na riƙe maganarki, amma na ɗauka gubar a dutse kawai take. Gidanmu ba mai haƙa, ba mai niƙa. Ban taɓa kawowa a raina cewa dalmar da ta ɗauke Aminu ita ce nake wankewa da hannuna ba.

'Yan bindigar suka zo bayan la'asar, a kan babura. Baban Ummi ya tsaya a zaure yadda na yi ta mafarki. Harsashin farko bai tashi ba. Na biyu ya fasa bindigar a hannunsa, ya tafi da yatsu biyu. Gonar dawa ce ta ɓoye mu, ina toshe bakin Ummi, shi yana cizon rigarsa kar ya yi ƙara. Suka kora shanun noma suka tafi abinsu.

Ina jinyar hannunsa Ummi ta daina cin abinci. Sai kuka, sai amai. Ran nan ina goye da ita na ji ta sanƙare a bayana. Ban buƙaci kowa ya gaya mini ba, na taɓa ganin wannan jijjigar.

Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko ana niƙa dutse a gidanmu, na ce a'a da ƙarfina. Ta sake tambaya ko ana narka wani abu. Nan na gaya mata zancen tukunyar. Sun ce dalma ta yi yawa a jininta. Suna ba ta magani, amma ba wanda ya yi mini alkawarin komai. Jiya na kira sunanta sau uku, ta dube ni kamar baƙuwa.

Babanta ya zo da hannu a naɗe, ya zauna bakin gado yana hawaye. Na ce ya rantse ba zai sake ba. Ya ce ya daina a gida, amma maza sun koma narkawa a bayan gari, kuma in gaya masa da me za mu tare ƙofa in 'yan bindigar sun dawo. Na karanta littattafai ba iyaka, ba wanda ya zo wannan shafin.

Tukunyar na sa an binne ta nesa da rijiya. Ki yafe mini, kyautarki ce.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka haskaka kabarinta, ka bar mini Ummi. Idan kuwa an rubuta za ta riga ni zuwa wurinki, za ki gane ta da dariyar. Ki zaunar da ita kusa da Aminu. Tana tsoron baƙi, amma in kika yi mata waƙar da kike yi mana, za ta yarda ki ɗauke ta.

Ɗiyarki da ta ji maganarki ba ta gane ba,
Maman Ummi