Inna, Da Hannuwana Na Je Bayan Maiyama

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ɗanki ne Arzika. Na san saƙo ba ya isa inda kike, na kuma san mutane za su karanta wannan a wayoyinsu. Su karanta. Ke nake yi wa magana.

Inna, na je wani ƙauye bayan Maiyama neman aure, na dawo. Ba wanda ya ɗauke ni, ba wanda ya tura ni. Kuma sun ba ni.

Kin fi kowa sanin ƙafafun nan nawa. Ina ɗan yaye a Dangamaji zazzaɓi ya shanye su. Kika goya ni har Aliero wurin masu ɗori, wani dattijo cikinsu ya lallatsa ya ce miki ba karaya ba ce, ba shi da abin da zai ɗaura. Wannan ke kika ba ni labarinsa. Abin da na tuna da kaina shi ne bayanki. Kin goya ni har na yi tsawon da ƙafafuna ke bugun ƙwaurinki in kina tafiya.

Da Baba ya rasu muka koma Sabon Garin Jega, kika kai ni rumfar Malam Garba mai walda. Ya dube ni, ya dubi ƙarafan da ke jibge. Kika ce masa, "Malam, ƙahwa ɗai ba shi da. Hannuwanai lahiya lau." A ranar ya miƙa mini guduma. Kin rayu har kin ga na buɗe rumfar kaina, sannan Allah Ya karɓe ki.

Kulu ba ki san ta ba. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, tana zaune wurin gwaggonta nan Jega tana markaɗe. Ƙafar injinta ce ta karye ta kawo mini. Ta tsaya a kaina har na gama, sannan ta kama injin da hannu biyu ta girgiza don ta ga ko aikina zai riƙe. Ya riƙe. Bayan nan ta kawo marfin tukunya, ta kawo murhun ƙarfe, har ta kawo wata kujerar da na juya ta ko'ina ban ga inda ta lalace ba. Daga nan na gane, na yi magana, ta amsa.

Kawu Umaru ƙanenki shi ya je wurin mahaifinta, Malam Ladan. Ni ban taɓa ganin dattijon ba. Da Kawu ya dawo ya daɗe yana gyara zama kafin ya faɗa mini amsar. Malam Ladan ya ce, "Ba ƙinai nika yi ba. Amma garinmu ba bakin kwalta ya ke ba. Ran da ciwo ya kada ni, ko ɗiyata ta zo ganin gida wani abu ya same ta, wa ka ɗauko shi? Ta sha wahala sau guda. Ba ni ƙara mata ɗaukar namiji."

Na ji zafin maganar, Inna. Na yi kwanaki ba na son hira da kowa. Amma da na huce na ga tsoro ne irin na uba, kuma da 'yarki ce da ke ma kin yi wannan tunanin. Kulu kuwa magana biyu ta yi mini. Ta ce ba za ta saɓa wa babanta ba, ba kuma za ta auri wani ba.

Da na so, da na hau kabu-kabu an kai ni har ƙofar gidansa. Amma an ɗauko ni ke nan, abin da ya faɗa ya tabbata. Kekena na hannu kuwa, wanda kika san ni da shi, na cikin gari ne. Tayoyinsa sirara, yana shiga yashi sai ya tsaya cak.

Sai na ƙera wani. Na sayi tsohon keke mai giya a gwanjo na cire giyar. Na sa tayoyi masu faɗi, na sauke mazaunin ƙasa, na ɗora birki inda yatsuna za su kai ba tare da na saki abin tuƙi ba. Bello mai faci, maƙwabcin rumfata, shi ya ɗaura mini tayoyin, ya kuma ce duk inda za ni yana biye da ni a kekensa.

Hanyar Aliero muka fara gwadawa, ta cikin gonaki, inda babu mota sai tsakuwa da sawun amalanke. Inna, ban san ƙasarmu tana da kyau haka ba. Duk rayuwata daga bayanki nake ganinta ko ta tagar mota. Ranar nan na gan ta a hankali. Lambunan albasa kore shar har inda ido ya tsaya, injunan ban-ruwa suna ƙara, ruwa yana bin lambatu yana rarrabuwa cikin fangalolin shuka, ga balbelu suna bin bayansa.

Cikin wannan kallo na kife. Wurin tsallaka wani lambatu tayar hagu ta zame, ni da keke muka faɗa cikin ruwa. Bello da wasu manoma biyu suka ciro ni, laka har cikin kunne. Ɗaya daga cikin manoman ya tambayi Bello a hankali ko ina da lafiyar kai. Na koma rumfa na yanke ƙarfen baya na ƙara masa faɗi. Tun daga nan bai sake kifewa ba.

Na yi ta zuwa Aliero ina dawowa, kullum bayan sallar asuba kafin in buɗe rumfa. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Manoman nan da suka ciro ni suka koma suna ɗaga mini fartanya daga nesa. Da na ga ina zuwa in dawo in kama aikin walda ba tare da hannuna na rawa ba, na ce wa Bello lokaci ya yi.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa. Ya riƙe ruwa da kayan faci, amma ko na faɗi ko na yi kuka kada hannunsa ya taɓa kekena. Ya ce ya ji, amma in na mutu a hanya shi zai faɗa wa Kawu ba ruwansa.

Muka fita da sanyin safiya. Gadar gulbi ce ta fi ba ni tsoro, don duk tirelar da ta wuce sai iskarta ta kaɗa ni. Muna haye ta muka bar kwalta muka kama burji. Hanya ta bi gefen fadama, shinkafar rani a dama, albasa da tattasai a hagu. Na tsallake lambatu bayan lambatu a kan itatuwan da manoma suka shimfiɗa, wannan karon idona na kan taya. Muka wuce ta bayan Maiyama hantsi ya ɗaga, muka tsaya gindin wani mangwaro muka sha fura.

Gaba kaɗan muka tarar da wani busasshen rafi, yashi zalla. Na shiga da ƙarfina, keken ya nutse har gindin mazauni. Na sa giya mafi sauƙi, tayar gaba ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Bello ya sauka ya nufo ni, na dube shi, ya tsaya. Na sauko ƙasa, na sa silifa a hannuwana yadda nake yi tun ina yaro, na ɗaura igiya a ƙugu na ɗaura ta ga keken. In rarrafa in ja, in rarrafa in ja. Yashin yana ƙuna. Da na waiga na ga Bello ya juya mini baya yana share fuska da hularsa. Haka na fito da keken a ɗaya gaɓar.

Sauran abu ɗaya, tudun marmara da ƙauyen yake a kansa. Hanyar ta miƙe sama, ruwan damina ya zaizaye ta, duwatsu sun fito. Na kai tsakiya hannuwana suka fara ƙin umarni. In na tuƙa gaba kaɗan sai keken ya nemi komawa, sai in damƙe birki in huta.

Nan wani dattijo ya fito daga lambu da fartanya a kafaɗa. Muka gaisa. Ya dube ni da kyau, ya ce in bari ya tura ni, saura kaɗan. Na ce, "Baba, na gode, amma in ka taɓa shi tahiyata ta ɓaci. Wurin wani dattijo za ni, ina son ya ga na iso da kaina."

Sai ya wuce gabana, ya sauke fartanyarsa, ya fara kawar da manyan duwatsun da ke kan hanya. In na tsaya ya tsaya, in na motsa ya motsa. Mata masu dawowa daga lambu suka ja gefe da kwandunansu suna kallo. Ni kuwa ban ƙara ganin komai ba sai dugadugan dattijon nan masu faso. Su na bi, tuƙi ɗaya bayan ɗaya, har na ji keken ya yi sauƙi a hannuna. Na ɗaga kai na ga rumbuna da masallaci.

Dattijon ya jira numfashina ya dawo. Sannan ya ce, "Ni al Ladan, uban Kulu. Tun gindin tudu nig gane ka."

Inna, duk maganar da na shirya tun daga Jega ta gudu. Na yi ƙoƙarin saukowa in gaishe shi yadda ya kamata, ya dafa kafaɗata ya ce in zauna. Ya kama hannuna ya juya tafin, ya ga inda ya sake fashewa. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya aika a kawo ruwa da man kaɗe, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaurensa.

Mun yi azahar tare, mun ci tuwo. Bai yi dogon bayani ba, ni ma ban nema ba. Ya ce in gaya wa Kawu ya dawo da goro. Ya ce akwai mai amalanke da zai sauka Maiyama, sai a ɗora ni da keken. Na ce yadda na zo haka zan koma. Ya yi dariya har ya tuntsire, ya ce to ba zan koma hannu wofi ba. Da kansa ya ɗaure mini ƙullin albasa a bayan mazauni. Gangaren tudun nan, Inna, na saki birki na bar iska ta cika mini riga, Bello yana bayana yana kiran sunana in rage gudu. Ban rage ba.

Da muka iso Jega na tarar da Kulu zaune a bencin rumfata, labari ya riga ni ta waya. Ta dubi keken, ta dubi albasar, ta gane ɗaurin babanta. Ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe sai ta ce in nuna mata hannuwana, ta yi mini faɗa kamar yadda da za ki yi.

An sa ranar aure, sai bayan an cire albasa. Kawu sai yawo yake yana ba da labari a kasuwa, kullum tudun yana ƙara tsawo a bakinsa. Mutum biyu masu irin lalurata sun zo daga ƙauyuka suna son in ƙera musu irin kekena, na kuwa fara yankan ƙarfe.

A ɗakinki Kulu za ta zauna, ita da 'yarta. Na sa an yi masa sabon daɓe an shafa farar ƙasa. Na ce mata ta canza duk abin da take so. Ta shiga ta duba, ta fito ta ce randarki da ke bayan ƙofa a bar ta inda take, a cikinta za mu riƙa shan ruwa.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Allah Ya hutar da bayan da ya ɗauke ni, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Allah Ya ba ni ikon riƙe Kulu da marainiyarta da amana. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa ki a addu'a.

Ɗanki da ke kewarki,
Arzika mai walda,
Sabon Garin Jega.