Farar Rigar Usaid

Kantin Kwari, Fagge

Oga Nwabueze,

Bayan gaisuwa, ya kasuwa, ya Madam Ujunwa? Na zaɓi takarda ne don in na kira ka a waya bakina zai riga hankalina.

Jiya wata mai sayen leshi ta miƙo min wayarta tana min barka. Sai ga ɗana Usaid, ɗalibin likitanci ɗan aji huɗu, a TikTok cikin farar riga, abin awon ƙirji a wuya, yana ɗaga kwalin shayinka na masu ciwon suga. Har da cewa, "Dadi Nwabueze ba ya sayar da jabu." Dadi! Ni da na karyar da bandir-bandir na shadda na kai shi makarantar nan, ko hoto bai taɓa ɗauka a ƙofar shagona ba.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a kiran mai ciniki daga bakin shagon wani. Kuma yaron da ba a ba shi izinin rubuta ko farasitamol ba, da wane baki yake tallan magani? Ka sakar min ɗa.

Ka huta lafiya,
Alhaji Dabo

Sabon Gari

Alhaji Dabo,

Na gode da gaisuwa, Allah ya ƙara kasuwa. Ban kira shi ba, da ƙafarsa ya zo. Ya ce ya taɓa roƙonka ya yi wa shagonka bidiyo, ka ce aikin marasa aiki ne. Ni kuwa ina biyansa, ba ya tambayarka kuɗin littafi. Dadi kuma, har mai rake na layinmu haka yake kirana.

Shayin ganye ne kawai, ban ce kowa ya bar asibiti ba. Farar rigar dai ni na ce ya sa. Tana jawo ciniki, kai ma ka sani.

Naka,
Nwabueze

Fagge

Nwabueze,

Gaisuwa a tsaye, domin ta ɓaci. Akwai wani farfesa, malaminsu Usaid, a wajena yake yankar shadda. Na nuna masa bidiyon kamar yadda muke kai ƙara wajen shugaban layi: a kira ku, a ja maka kunne, a sha lemo, a tashi. Kai nake so a ja wa kunne, wallahi, kai!

Mutumin ya kalla, ya sake kallo, ya ajiye shaddar. Ya ce yanzu haka akwai wata tsohuwa kwance a asibitinsu, ta daina shan ƙwayoyinta ta koma shayi, wai likitan waya ya faɗa. Ashe mutanen nan ba su san sulhu ba, kwamiti suka sani. Ranar Litinin za su zauna, kuma ana maganar korar Usaid.

Usaid bai dawo gida ba, ba ya ɗaga wayata. In yana wajenka kada ka gaya min. A'a, gaya min.

Dabo

Sabon Gari

Alhaji,

Allah ya sa mu ji alheri. Yana nan. Ujunwa ta zuba masa abinci, bai taɓa ba. Ya goge bidiyon, ya je ya duba tsohuwar, ta ce masa "Sannu, likita," ya fito yana kuka. Ni ma na kwashe shayin daga kan kantar shagona.

Ya roƙe ni in raka shi gaban kwamiti. Na ce masa can uban yaro ake nema. Bai ce e ba, amma bai ce a'a ba.

Nwabueze

Fagge

Nwabueze,

Na gode, Allah ya saka wa Madam. Wato kai ya fara roƙo. To, madalla.

Zan zo da mota ranar Litinin. Kai ma ka shirya, ka faɗa musu da bakinka wa ya sa shi sa rigar. Amma a baya za ka zauna.

Alhaji Dabo, mahaifin Usaid