Abin da Na Faɗa a Rediyo

Litinin, 2 ga Oktoba

An yi ƙuri'a jiya. Drumlea muka faɗa wa a wasan kusa da na ƙarshe, ran sha biyar ga wata. Cikin duk ƙungiyoyin hurling, wasan ƙwallon sanda, da suka rage a gundumar nan su kaɗai ne ban so ba. Rabonmu da cin su tun ina da gashi a ka.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya huta. Ɗana Fintan ya dawo daga Perth, can ƙarshen duniya, a watan Mayu saboda ƙungiyarmu ta Kilcorra ta rasa 'yan wasa, suka yi ta roƙonsa a waya. Mai kamfanin ginin can ya ce zai riƙe masa aikinsa zuwa mako na uku na watan nan, daga nan ya ba wani. In mun ci Drumlea, wasan ƙarshe sai ƙarshen wata, kuma ba a taɓa haifar ɗan Kilcorra da zai hau jirgi ya bar wasan ƙarshe ba. Aikin ya wuce shi, ya yi hunturu a gida, ya saba da shanu. In sun ci mu, ya tafi. Wannan karon har da budurwarsa, Aoife. Na ga irin tafiyar nan a gidajen maƙwabta, ba sa dawowa sai jana'iza.

Matata Noreen ta ce in daina ɗaure fuska, wasa ne. Ita da ta goge rigar wasansa sau biyu.

Talata, 3 ga Oktoba

Kara. Kasuwar shanu ta ci, karsana biyu na saya, ɗaya na ce wa mai ita ƙugunta ya karkace. Bai karkace ba.

A ɗakin shan shayi Mossie Dwane na Drumlea ya zo ya zauna kusa da ni, fuska kamar an yi masa rasuwa. Wai yana taya mu murna tun yanzu. "Rabin yaranmu mura, Malachy, rabi jarrabawa. Golanmu ƙafarsa ta kumbura ta yi kamar kabewa." Na ce, "Ku har kuna da gola? Mu sha biyar ɗin ma da ƙyar muke haɗawa. In ba su cika ba Fada zai cire rigar coci ya sa hular kwano." Ya ce Allah sarki. Na ce Allah sarki. Kowa ya sha shayinsa.

Ɗan Noonan na ƙauyenmu da ya yi karatu a Dublin ya tambaya me ya sa muke haka, tunda kowa ya san ƙarya ce. To ai ba don a yarda ake yi ba. Ana yi ne don ɗayan ya koma gida da ɗan ƙaramin shakku, ko kuma da ɗan ƙaramin girman kai. Ubana haka ya yi, kakana ma. Duk wanda ya yabi nasa kafin wasa, shi ya jawo.

Asabar, 7 ga Oktoba

Ruwa tun asuba. Fintan na can yana dukan ƙwallo a bangon rumbu. Na tsaya cikin garke ina leƙensa ta ramin katako. Hagu, dama, hagu, ba ya ko kallon sandar. Wuyan hannun nan ba daga wajena ya samo shi ba, ni sara nake yi kamar mai faskare. Da ya juyo na kama shebur na yi kamar kashin shanu nake kwashewa.

Laraba, 11 ga Oktoba

An rataye tutoci kore da fari daga coci har gada. An shafa wa ragon Noonan fenti. Gidajen da ke kan hanyar nan da yawa ba kowa ciki, amma an je an rataya musu su ma, don 'yan Drumlea in sun wuce su ga kamar muna da yawa.

Gidan rediyon gunduma za su zo mashayar Dinny jibi su ji ra'ayin magoya baya. Mutum biyu daga kowane ɓangare. Dinny ya ce ni zan yi, don ba wanda ya kai ni iya kushe dabba mai lafiya. Na karɓa a matsayin yabo.

Juma'a, 13 ga Oktoba

An yi. Mashaya ta cika maƙil tun kafin rana ta faɗi. Mossie ya fara, ya kashe golansu ya binne, ya ce kaftin ɗinsu matarsa ta haihu bai yi barci ba tun Satumba. Ya yi ƙoƙari, ban hana masa ba.

Sai yaron rediyon ya juyo kaina, ya ce amma ku kuna da Fintan Heffernan, kowa shi yake tsoro. Na ga Mossie ya kasa kunne. Nan ne ya kamata in yi aiki, don in suka sa masa mutum biyu mun mutu. Na ce, "Fintan? Ɗana ne, amma gaskiya ɗaya ce. Hannunsa ya bar shi a Perth cikin siminti. Yanzu ko ƙofar rumbu ka buɗe masa sai ya buga gefe. Mun sa shi ne don uwarsa ke wanke rigunan ƙungiya."

Dariya har gilashi na rawa. Dinny ya ba ni kofin giya ɗaya kyauta, abin da bai taɓa yi ba. Mossie ya raɗa mini, "Shege, ka ci wannan." Na dawo gida ina jin kaina. Abin da zan iya yi wa yaron ke nan, na yi.

Asabar, 14 ga Oktoba

Muka zauna karin safe. Noreen ta dire mini ƙwai a faranti kamar tana jifa.

Fintan ya ce sun ji ni a mota shi da Aoife da iyayenta. Na ce ai kowa ya san wasa ne. Ya ce, "Na sani, Baba." Yana shafa man shanu a burodi, a hankali, har gefe-gefe. "Tun ina ɗan firamare nake jin wasan nan. Ina dai jiran ranar da za a tashi daga wasan."

Ban gane abin da yake so in ce ba. Ko na gane. Gobe wasa, ba yau ake irin wannan maganar ba. Na ce ya kula da iska, in ta taso daga gefen kogi takan ja ƙwallo hagu. Ya ce to.

Noreen ta biyo ni har garke. "Kai dai bakinka na kasuwa ne, Malachy. Ba ka da na gida." Na ce in mun ci za ta gode mini.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Sun ci mu da maki biyu.

Litinin, 16 ga Oktoba

Dabarata ba ta yi komai ba. Mutum biyu suka sa wa Fintan tun busar farko, wani lokacin uku. Ashe Mossie shayinsa kawai yake sha.

Duk da haka. Kusan duk makin da muka samu daga sandarsa ya fito. Akwai wata ƙwallo da ya buga daga bakin layi, yana faɗuwa, mutum na rataye a wuyansa, iska na gaba da shi, ta bi ta saman sandar raga kamar an ja ta da zare, maki ɗaya ke nan. Wani tsoho ɗan Drumlea da ke bayana ya cire hularsa. Ni hannuwana na aljihu. Sauran yaranmu sun yi iya yinsu, amma biyu ba su fara aski ba, ɗaya kuma ya haura arba'in, gwiwarsa a naɗe.

A ƙarshe aka ba mu bugun tazara kusa da raga. Maki ɗaya ba zai ishe mu ba, sai ta shiga raga a samu uku. 'Yan Drumlea suka jeru a bakin raga kamar shinge. Fintan ya buga ƙasa-ƙasa, da ƙarfin da na ji a haƙorana. Golan nan mai ƙafar kabewa ya tare. Alƙali ya busa.

Na shiga fili tare da mutane. Fintan yana durƙushe, ya cire hular kwano, jini a yatsunsa. Na shirya maganar da zan faɗa masa tun daga kan benci, wallahi na shirya ta. Na isa, ya ɗago ya dube ni, ga mutane kewaye, ga Mossie na tahowa da hannu a miƙe. Abin da ya fito shi ne, "Da ka ɗaga ta sama kaɗan, gefen hagunsa ne mai rauni."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Na gode, Baba." Ya tashi ya bi sauran.

Gaskiya ce kuma, gefen hagunsa ne mai rauni.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Fintan ya gyara shingen gonar ƙasa, ya canza wa tarakta mai, ya nuna wa uwarsa yadda ake kiran bidiyo. Mutum mai tafiya ne ke irin wannan hidimar. Mun je sayen abincin shanu mu biyu a mota, tafiya mai ɗan nisa. Mun yi maganar ciyawa. Mun yi maganar tayar baya. Ana cewa baɗi sai dai a haɗa ƙungiyarmu da ta wani ƙauye, na gaya masa. Ya ce ya ji.

Asabar, 21 ga Oktoba

Filin jirgi. Noreen ta yi kuka ita da uwar Aoife. Ni na riƙe jaka. Mun yi musabaha, yatsunsa har yanzu da filasta. Na ce ya kula da zafin rana. Ya ce in kula da bayana wajen ɗaga buhu.

Tutoci na nan a hanya, ruwa ya jiƙe su. Ba wanda ya ce zai sauke.

Talata, 24 ga Oktoba

Kara. Ban sayi komai ba.

A ɗakin shayi ana ta maimaita wasan. Mossie ya ce sa'a kawai suka yi, kuma a wasan ƙarshe yanka su za a yi, golansu yanzu kafaɗa ce. Ya riga ya fara na gaba. Sai Noonan ya ce, don ya taya ni irin tamu, ai da Fintan bai cika son kai da ƙwallo ba da wani labarin ake. Ya dube ni yana jiran in ɗora.

Na ce ba a taɓa yin ɗan wasa kamar ɗana a gundumar nan ba, a zamanina ko na ubana. Na ce bugun da ya yi daga bakin layin nan, ba wanda ke ɗakin nan zai sake ganin irinsa kafin ya mutu. Muryata ta fi yadda na yi niyya ƙarfi. Cokula suka tsaya. Mossie ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Mal, lafiya kake?" Na ce shayin ne ya yi zafi.

A banza dai. Ba rediyo a ɗakin shayin kara.

Labari ya riga ni isa gida, kamar kullum. Na tarar da Noreen a wajen murhu. Ta ajiye mini dankali da kabeji, ta ajiye wayarta kusa da farantin, ta tambaye ni ko ƙarfe nawa ne yanzu a Perth. Na ce ina zan sani.

Su Fintan sun kwanta yanzu a can. Kira sai dai da safe, in yana hutun cin abinci.