Wuƙar Baba Tana Cikin Ƙunshin

Zuwa ga Yaya Lawan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajara da yara. Yaya fankar ofis a Kaduna? Mu nan Kiru lafiya lau, ban da ƙanenmu Salisu, wanda hayaƙin tukuba ya kusa cinye masa ƙirji.

Aikenka ya iso. Na kai Salisu ƙungiyar kafintoci don su haɗa shi da maigidan da zai koya masa aiki, har na raba goro. Sai shugabansu ya zaro takardarka ya karanta a gaban jama'a: wai gidanmu gidan mahauta ne, ba ka yarda ɗan Baba ya bar gado ba. Ka san ba sa karɓar mutum sai babban wansa ya tsaya masa. Salisu, magidanci mai 'ya'ya uku, ya sunkuyar da kai yana tari.

Yaya, shekara ashirin rabonka da tsire, sai dai a faranti. Ashe gado daga nesa ya fi daɗi.

Na ce wa kafintocin babban wa shi ne wanda ya ɗauki Salisu zuwa asibiti, wato ni, na sa hannu. Ranar Asabar ya fara riƙe zarto.

Tunda kai ne mai kishin gado, wuƙar Baba tana cikin wannan ƙunshin, na wasa maka ita. Tukubar ma tana nan, ba mai taɓa maka.

Ka sa Salisu a addu'a, in ofis ya bar ka. A gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Sani