Duwatsun da Aka Bari a Hanyar Agadas

Sabiru Nomau,
Tsohon direban kamfanin ma'adinai,
Akokan, Arlit.
Juma'a, 9 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Direbobin Manyan Motoci ta Hannu Ɗaya,
Reshen Arlit.

GAME DA: Duwatsun da direbobi ke bari a kan hanya bayan sun gyara mota

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka.

1. Ranar Talata, 6 ga wannan wata, na bar Akokan da safe zuwa Agadas. Ina jan remok, wato ƙaramin ɗaki mai taya biyu da gado a ciki, wanda wani injiniya ya bar mini lokacin da aka rufe ramin ma'adinai a 2021. Maiɗakina Siddiƙa ce kwance a ciki. Asibiti zan kai ta, ciwon baya ya hana ta zama a kujera. Na san ba a ɗaukar mutum a remok, ni da bakina na koya wa sababbin direbobi hakan. Ta ce tana so ta miƙe ƙafa, na yi mata shimfiɗa. Wannan laifina ne, ba shi na kawo gabanka ba.

2. Wajen ƙarfe tara, kimanin kilomita saba'in daga gari, ina fitowa daga wata kwana sai ga duwatsu shida jere a kan hanya. Ranka ya daɗe ya san al'adarmu. A kudu in mota ta lalace rassan itace ake jerawa don masu zuwa su ankara. Nan ba itace, sai duwatsu. Man da ya zuba a wurin bai bushe ba, sawun kuma na kamiyo ne, wato babbar motar kaya. Mai shi ya gyara motarsa, ya kama gabansa, ya bar su. Motata ta kauce musu. Tayar remok ta dama ta hau na ƙarshe, ta fashe.

3. Ina so a rubuta cewa na yi abin da aka koya mini. Ban taka birki ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na ɗan ƙara mai don remok ya miƙe, sannan na sassauta a hankali. Shekara ashirin da biyu ina tuƙi, ko akuya ban taɓa bugewa ba. Mota ta tsaya lafiya ƙalau, amma kafin ta tsaya bakin kwaltar da ya zaizaye ya kama ƙarfen tayar, remok ya kife. Da na buɗe ƙofar, Allah ya riga ya yi mata cikawa. Jandarmomi sun auna wurin, sun ce na yi ƙoƙari. Kowa ya zo gaisuwa haka yake ce mini, ni kuma in amsa. Har yau ban yi kuka ba, kuma ban san dalili ba.

4. Akwai abin da ban gaya wa jandarmomi ba. Bayan na rufe ta da zanenta, na ɗauko duwatsu huɗu manya na jera bayan remok, kada wani ya afka mana. Ba tunani na yi ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Da aka ɗauko mu aka janye motar, ban waiwaya ba. Jiya, ana tsakiyar sadakar uku, na tuna ban kwashe su ba. Na shiga mota in koma, na zauna da makulli a hannu har aka kira la'asar, na kasa kunnawa.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba:

(a) A tara direbobi a sanar da su cewa wanda ya jera dutse shi zai kwashe kafin ya tashi. Ba na neman a kama mai kamiyon nan, ko a biya ni komai. In an gano shi, a dai gaya masa sunanta.

(b) Don Allah a tura mutum yau ɗin nan, kada a jira Litinin. Bas-bas na fasinja suna bin wurin kullum. Duwatsun goma ne yanzu, a hannun dama in an nufi Agadas. Shida nasa ne, huɗu nawa.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya tsare duk wanda ke kan hanya.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Sabiru Nomau